Sirki ko Dashe? Sharhi a kan Hukuncin Masanan Liyon Game da Baƙin Sinadarai a Kiristal ɗin Titaniyam Dayoksaid

Tsakure

Fiye da shekara arba'in ke nan masana kimiyyar sinadarai suna zuba baƙin atam a cikin titaniyam dayoksaid (TiO2) da nufin ya riƙa aiki da hasken da ido ke gani. A shekarar 2012, Jean-Marie Herrmann na cibiyar binciken katalisis ta Liyon ya fitar da muƙala wadda a cikinta ya kira dasa kiromiyam a wannan sinadari annoba ga aikinsa. Wannan muƙala ta yi sharhi a kan wannan hukunci, ta auna shi da ayyukan masanan Faris a kan yadda kiristal ke tsira daga ruwan sinadari. An nuna cewa gwajin da aka gina hukuncin a kansa ingantacce ne, sai dai bai isa a shimfiɗa shi a kan kowane irin ƙari ba, domin girman ƙwaya da daidaiton caji da siffar kiristal duk suna sauya sakamako. An kuma nuna raunin hujjar da ake yawan kafawa da awon eksire, sannan aka kawo sharuɗɗa huɗu da suka kamata mai bincike ya cika kafin ya ce baƙon atam ya shiga saƙar kiristal.

Muhimman kalmomi: titaniyam dayoksaid, anatas, rutil, burukit, sirki, dashe, fotokatalisis

1.0 Gabatarwa

Titaniyam dayoksaid fari ne fat idan yana da tsarki, shi ya sa ya zama ginshiƙin farin fenti a duniya. Duk da haka, sunan fitacciyar siffarsa, wato rutil, ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ja-ja, saboda jan launin da baƙin ƙarfe ke ba wa dutsen a cikin ƙasa. Ke nan tun daga sunansa, tarihin wannan ma'adini yana ɗaure da tarihin gurɓinsa.

Faransa tana da tsohon hannu a wannan fage. A Faris ne René Just Haüy ya raɗa wa siffa ta biyu suna anatas a shekarar 1801, kuma daga duwatsun Oisans, kudu maso gabas da Liyon, aka samo kiristal ɗin da aka fara bayyana ta da su. Armand Lévy ya bayyana siffa ta uku, burukit, a 1825. A shekarun 1860 kuma Paul Hautefeuille ya ƙera siffofin uku a ɗakin gwaji a Faris, inda ya nuna cewa zafi da kuma sinadaran da suka halarci ƙirar su ke zaɓar siffar da za ta fito. A ɓangaren Liyon, rukunin Stanislas Teichner ya wallafa aikinsa a kan ƙona iskar gas da taimakon TiO2 da haske a 1971, shekara guda kafin fitacciyar muƙalar Fujishima da Honda ta 1972 a kan tsaga ruwa.

Matsalar da ta haifar da wannan fage a bayyane take. Giɓin makamashin anatas ya kai eV 3.2, na rutil kuma eV 3.0, don haka hasken da zangonsa ya wuce nanomita 390 zuwa 410 ba ya iya motsa su. Hasken ultrabayolet da ke iya yin hakan bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na hasken rana da ke iso ƙasa ba. Daga nan tunanin zuba baƙin atam ya taso, domin a rage giɓin. Tambayar da wannan sharhi ya sa a gaba ita ce: shin hukuncin da Liyon ta yanke wa wannan tunani ya tsaya da ƙafafunsa, kuma iyakar ina?

2.0 Fayyace kalmomi da siffofin kiristal

Kalma ɗaya ake amfani da ita a rubuce-rubucen Turai ga abubuwa mabambanta, kuma rabin ruɗanin fagen daga nan ya fito. A wannan muƙala an raba su biyu. Sirki shi ne duk wani baƙon sinadari da aka zuba a lokacin haɗi, ko ina ya ƙare. Dashe kuwa shi ne sirkin da aka tabbatar ya shiga saƙar kiristal. Baƙon atam yana iya ƙarewa a ɗaya daga wurare huɗu: ya gaji gurbin titaniyam ko na oksijin, ya maƙale a tsakanin atam ɗin saƙar, ya taru a bayan ƙwaya ko a iyakar ƙwayoyi, ko kuma ya ware ya kafa nasa oksaid. Biyun farko ne kaɗai dashe.

Tubalin ginin duka siffofin uku ɗaya ne: atam ɗin titaniyam guda a tsakiyar oksijin shida, sun yi siffa mai fuska takwas. Bambancin yana ga yadda tubalan suka jingina da juna. A rutil kowane tubali yana tarayya da maƙwabtansa a gefe biyu, a burukit gefe uku, a anatas gefe huɗu. Rutil ya fi cunkushewa, nauyinsa giram 4.25 a kowace santimita mai kusurwa uku, anatas kuma kimanin 3.9. Idan aka gasa anatas yakan juye ya zama rutil, kuma ba ya komawa. Juyin yana buƙatar tsinkewar igiyoyin da ke tsakanin titaniyam da oksijin da sake ɗaura su, tare da tsukewar jiki da kimanin kashi 8 cikin ɗari. A gari mai tsarki yakan fara a wajajen digiri 600 na Selsiyos, amma an ruwaito shi daga digiri 400 har zuwa 1200, gwargwadon girman ƙwaya da abin da aka sirka.

Shannon da Pask (1965) sun kafa ƙa'idar da har yau ake bi. Idan atam mai caji ƙasa da +4 ya gaji titaniyam, saƙar takan saki wani oksijin don caji ya daidaita. Guraben oksijin da suka samu suna sassauta ginin, sai juyi zuwa rutil ya yi sauri. Atam mai caji sama da +4, irin su niyobiyam da tungistan, yakan rage waɗannan guraben, sai juyin ya yi jinkiri. Zhang da Banfield (1998) sun ƙara wani sharaɗi: idan ƙwaya ta gaza kimanin nanomita 14, anatas ya fi rutil zama daram, saboda makamashin samansa ya fi ƙanƙanta. Ma'ana, duk abin da ya hana ƙwaya girma ya tsare anatas, ko da bai taɓa shiga cikinta ba.

3.0 Hukuncin Liyon

A 1982 Borgarello da abokan aikinsa, cikinsu har da Michael Grätzel, sun ruwaito cewa TiO2 mai kiromiyam yana tsaga ruwa da hasken gani. Bayan shekara biyu Herrmann da Disdier da Pichat (1984) suka fitar da sakamakon da ya saɓa wa wannan fata a mujallar Chemical Physics Letters. Sun yi aiki da garin da ke ɗauke da kiromiyam mai caji +3 kashi 0.85 cikin ɗari na atam, wanda ya bazu daidai a cikin ƙwayoyin. Garin ya sha hasken gani, amma bai yi wani aiki da shi ba. A ƙarƙashin ultrabayolet kuwa, aikinsa ya ragu da ninki 25 zuwa 1000 gwargwadon gwajin da aka yi, kuma wutar da haske ke gudanarwa a cikinsa ta faɗi ƙwarai. Daga baya rukunin ya gwada wasu atam masu caji +3 da +5, kamar galiyam da antimoni da banadiyam, sakamakon bai sauya alƙibla ba.

Bayanin da Herrmann ya bayar, wanda ya faɗaɗa a muƙalarsa ta 2012 a New Journal of Chemistry, shi ne kamar haka. Haske yana ɗaga ilektaron ya bar kogo mai caji +1 a bayansa, kuma sai su biyun sun isa saman ƙwaya kafin wani aiki ya auku. Kiromiyam mai +3 da ke zaune a gurbin titaniyam mai +4 ya zama wuri mai ragin caji idan aka kwatanta da kewayensa, don haka yana janyo kogo. Da ya kama kogo, sai ya zama mai karɓar ilektaron. Ta haka kowane atam ɗin kiromiyam ya zama mahaɗar da ilektaron da kogo ke sake gamuwa, makamashinsu ya tafi a zafi. Atam mai +5 yana yin haka nan ta ɗaya fuskar.

4.0 Inda hukuncin ya yi ƙarfi

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne raba shan haske da aiki da haske. Gari yana iya rinewa ya zama rawaya ko kore, awonsa ya nuna yana shan hasken gani, alhali ilektaron ɗin da aka ɗaga bai bar jikin baƙon atam ba. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Masanan Liyon ba su tsaya ga launi ba, sun auna gudanar wuta a ƙarƙashin haske, wanda shi ne shaidar cewa caji ya sami 'yancin tafiya.

Na biyu, ba su dogara da gwaji guda ba. Sun gwada garin a ruwa da kuma a iskar gas, da sinadarai marasa launi irin su asid ɗin oksalik da furofin da furofanol, har da musayar nau'o'in oksijin. Idan gwaje-gwaje mabambanta suka nuna hanya ɗaya, da wuya a ce kuskuren na'ura ne.

Na uku, lissafi mai sauƙi yana goyon bayansu. A anatas akwai atam ɗin titaniyam kimanin 29 a kowace nanomita mai kusurwa uku. Kashi 0.85 cikin ɗari na nufin kiromiyam ɗaya a kowace nanomita huɗu masu kusurwa uku, wato tazarar kimanin nanomita 1.6 tsakanin ɗaya da ɗaya. Ƙwaya mai faɗin nanomita 20 za ta ɗauki kiromiyam sama da dubu. Cajin da aka haifa a tsakiyar irin wannan ƙwaya sai ya tsallake tarkuna da dama kafin ya ga waje.

Masana'antu ma sun daɗe da shaida wannan. Masu yin farin fenti suna sa aluminiyam a cikin rutil da gangan domin su kashe aikinsa da haske, don kada ya cinye man fentin ya mai da shi gari a jikin bango. Haka kuma masu yin gilashi mai wanke kansa, irin Bioclean na kamfanin Saint-Gobain, dole su yi la'akari da sodiyam ɗin da ke tasowa daga gilashi ya shiga fatar TiO2 ya raunana ta, abin da ya sa akan shimfiɗa shinge a tsakaninsu. Herrmann yana cikin marubutan wani aiki na 1995 da ya nuna irin wannan gurɓata daga gilashi da ƙarfe.

5.0 Inda hukuncin ya yi rauni

5.1 Girman ƙwaya

Choi da Termin da Hoffmann (1994) sun gwada atam ɗin ƙarfe iri 21, suka sami cewa wasunsu, kamar baƙin ƙarfe mai +3 da molibdinam mai +5 da banadiyam mai +4, suna ƙara aiki idan an sa kashi 0.1 zuwa 0.5 cikin ɗari. A zahiri wannan ya yi karo da Liyon. Amma ƙwayoyinsu nanomita 2 zuwa 4 ne kacal. Ƙwaya mai nanomita 3 tana da titaniyam kimanin 400, don haka kashi 0.5 cikin ɗari atam biyu ne, kashi 0.1 kuwa bai ma cika ɗaya ba. A irin wannan ƙwaya baƙon atam yana dab da sama, kuma idan ya kama caji ɗaya yana iya miƙa shi waje kafin ɗayan ya iso. Zhang da Wang da Zakaria da Ying (1998) sun tabbatar da cewa adadin baƙin ƙarfen da ya fi dacewa yana raguwa yayin da ƙwaya ke ƙara girma. Saboda haka sakamakon biyu ba su ƙaryata juna ba. Kaso cikin ɗari ba shi ne ma'aunin da ya dace ba. Adadin baƙin atam a kowace ƙwaya da nisansu daga sama su ne abin dubawa. Hukuncin Liyon gaskiya ne ga ƙwayoyi masu girman da aka saba amfani da su, amma lafazinsa ya fi hujjarsa faɗi.

5.2 Daidaiton caji

Bayanin Herrmann ya rataya ne a kan bambancin caji tsakanin baƙo da titaniyam. To, idan aka soke wannan bambanci fa? Kato da Kudo (2002) sun dasa kiromiyam mai +3 tare da antimoni mai +5 a cikin rutil. Jimillar cajinsu +8 ce, daidai da titaniyam biyu, don haka saƙar ba ta buƙatar sakin oksijin ko mai da kiromiyam zuwa +6. Garin ya fitar da oksijin daga ruwa a ƙarƙashin hasken gani, abin da mai kiromiyam shi kaɗai ya kasa. Gaskiya ne cewa sun yi amfani da gishirin azurfa don ya kwashe ilektaron, kuma wannan yana rage nauyin sakamakon a aikace. Duk da haka, ya nuna cewa ba kiromiyam a karan kansa ne dukan laifin ba. Lahanin da saƙar ke haifarwa don ta biya bashin caji yana da babban kaso. Masu yin launi sun san wannan dabara tun da daɗewa: rawayan launin nikel da antimoni da titaniyam, da ruwan ƙasa na kiromiyam da antimoni da titaniyam, duk rutil ne mai dashe biyu masu daidaita juna.

5.3 Siffar kiristal da manufar dashe

Raunin da ya fi girma shi ne kallon TiO2 a matsayin mai gudanar da caji kawai, tare da ba wa ginin saƙarsa matsayi na biyu. Kiromiyam da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da manganis suna cikin masu gaggauta juyi zuwa rutil. Idan aka gasa gari mai sirki da marar sirki a zafi ɗaya, ana iya samun bambanci a kason rutil da girman ƙwaya da faɗin sama a lokaci guda. Duk wanda ya danganta sauyin aiki ga tarkon caji kaɗai, ba tare da ya daidaita waɗannan uku ba, ya bar ƙofa a buɗe. Wannan suka ta fi hawa kan ɗimbin mabiyan ra'ayin biyu fiye da gwajin 1984, wanda faɗuwar aikinsa ta yi girman da sauyin siffa kaɗai ba zai bayyana ta ba.

Har wa yau, fotokatalisis ba shi ne kaɗai amfanin TiO2 ba. A katalis ɗin da ke kawar da oksaid ɗin naitirojin daga hayaƙin masana'antu, banadiyam yana ingiza anatas zuwa rutil, tungistan kuma yana riƙe shi, shi ya sa ake haɗa su. Furubayashi da abokan aikinsa (2005) sun nuna cewa anatas mai niyobiyam yana gudanar da wuta kamar ƙarfe alhali haske na ratsa shi. Abin da ya zama annoba a wani aiki shi ne abin nema a wani. Ya kamata kuma a lura cewa taken muƙalar 2012 ya taƙaita hukuncin ga atam masu cajin ƙari. Dashen naitirojin, wanda Asahi da abokan aikinsa suka shahara da shi a 2001, batu ne daban, ko da yake Irie da Watanabe da Hashimoto (2003) sun sami cewa ingancin amfani da haske yana raguwa yayin da naitirojin ke ƙaruwa, wanda ya yi kama da gargaɗin Liyon.

6.0 Darasin Faris: baƙon da bai shiga ba

Masanan ɗakin binciken sinadarai na daskararrun abubuwa na Faris sun tunkari TiO2 ta wata ƙofar. Jacques Livage, wanda ya yaɗa tunanin haɗa oksaid a ƙaramin zafi tun 1977, ya wallafa tare da Marc Henry da Clément Sanchez (1988) bitar da ta zama madogara a kan yadda oksaid ɗin ƙarfe ke ƙulluwa daga ruwa. Jean-Pierre Jolivet ya ci gaba da wannan layi. Tambayarsu ita ce: wane irin tubali ne ke yawo a cikin ruwan kafin kiristal ya tsira, kuma me ke manne da shi?

Pottier da Chanéac da Tronc da Mazerolles da Jolivet (2001) sun dafa titaniyam tetirakulorayid a cikin ruwan asid mai ƙarfi a digiri 100. Sun nuna cewa yawan kulorayid idan aka kwatanta da titaniyam, tare da tsamin ruwan, shi ke zaɓar ko rutil ne zai rinjaya ko burukit. Kulorayid ɗin yana manne wa titaniyam a cikin ruwa, yana tsara ta gefen da tubalai za su haɗu, sannan ya fita. Daga baya Cassaignon da Koelsch da Jolivet (2007) sun samar da siffofin uku daga titaniyam tirikulorayid ta hanyar sarrafa tsamin ruwa da yanayin haɗi.

Muhimmancin wannan ga batun dashe babba ne. Ba a zuba atam tsirara. Gishirinsa ake zubawa, na naitiret ko kulorayid ko salfet, kuma gishirin yana sauya tsamin ruwa da abin da ke manne wa titaniyam. Idan mai bincike ya ga siffar kiristal ta sauya bayan ya zuba gishirin baƙin ƙarfe, ba shi da ikon cewa baƙin ƙarfen ne ya sauya ta har sai ya yi gwajin shaida mai ɗauke da kulorayid ko naitiret daidai wannan adadi. Salfet da fosfet ma an san suna riƙe anatas daga bayan ƙwaya. Lantanam, wanda rabin faɗinsa angistirom 1.03 ne a inda titaniyam ke da 0.605, ya fi ƙarfin gurbin, amma yana jinkirta juyi zuwa rutil ta hanyar taruwa a iyakar ƙwayoyi.

Aluminiyam ya fi kowa nuna iyakar ƙa'idar caji. Bisa Shannon da Pask ya kamata ya gaggauta rutil, amma a haɗin ruwa an sha ruwaito shi yana jinkirta shi. A haɗin harshen wuta kuwa, Vemury da Pratsinis (1995) sun sami cewa aluminiyam da kuza suna ƙara rutil, silikon yana hana shi. Atam ɗaya, sakamako biyu, saboda hanyar haɗi ce ke zaɓar masa mazauni. Game da kuza dalilin a fili yake: dutsen kuza, irin wanda aka daɗe ana haƙa a Jos, gininsa irin na rutil ne, don haka yana zame masa iri.

7.0 Matsalar hujja

Jumlar da ta fi yawo a wannan fage ita ce: ba a ga tsinin baƙon oksaid a awon eksire ba, saboda haka baƙon ya shiga saƙa. Wannan hujja ba ta tsayuwa. Awon eksire na yau da kullum ba ya ganin siffar da ba ta kai 'yan kaso cikin ɗari ba, balle idan ƙwayoyinta ƙanana ne ko ba su da tsarin kiristal. Sirkin kashi ɗaya cikin ɗari yana iya zama a waje gaba ɗaya ba tare da ya bar alama ba.

Hujja ta biyu ita ce gocewar tsini. Rabin faɗin kiromiyam mai +3 angistirom 0.615 ne, na baƙin ƙarfe mai +3 0.645, na niyobiyam mai +5 0.64, na titaniyam kuma 0.605. A kashi ɗaya cikin ɗari, kumburin da waɗannan za su jawo ƙanƙane ne ƙwarai, alhali tsinin ƙwaya mai nanomita 10 yana da faɗin kimanin digiri 0.8 bisa lissafin Scherrer. Gocewar da aka karanta da ido a kan irin wannan tsini, ba tare da ma'aunin ciki ko tacewar Rietveld ba, tana iya fitowa daga yadda aka ɗora garin a na'ura.

Burukit ma yakan ɓuya. Manyan tsinayensa biyu suna faɗawa kan tsinin anatas na digiri 25.3, don haka sai an duba na digiri 30.8 ko an yi awon Raman kafin a gane shi. Lissafin Spurr da Myers (1957), wanda ke kwatanta tsinin 25.3 da na rutil a 27.4, an gina shi ne don siffa biyu kawai. Hatta garin P25 da kowa ke kwatanci da shi, Ohtani da abokan aikinsa (2010) sun nuna cewa kasonsa yana bambanta daga ɗiba zuwa ɗiba, kuma yana ɗauke da ɓangare marar tsarin kiristal.

Hanyoyin da ke iya faɗin mazaunin atam suna nan: awon EPR ga atam masu maganaɗisu, awon Mössbauer ga baƙin ƙarfe, da awon shan eksire a manyan cibiyoyi irin su SOLEIL da ke kudu da Faris da ESRF da ke Grenoble.

8.0 Abin da ya shafi manazarta a ƙasar Hausa

Wannan muhawara ba ta Turai kaɗai ba ce. Ƙasar Hausa tana da rana, tana kuma da gurɓataccen ruwan masana'antun jima da rini a Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Ba abin mamaki ba ne ɗalibai su karkata ga TiO2 mai sirki, su gwada shi da shuɗin metilin. Sai dai wannan rini da kansa yana shan hasken gani, yana iya miƙa ilektaron ga TiO2 ya koɗe ba tare da garin ya sha haske ba, kamar yadda Yan da Ohtani da abokan aikinsu (2006) suka nuna. Yana kuma iya manne wa garin ruwa ya washe ba tare da ya rushe ba. Herrmann da kansa ya yi gargaɗi a 2010 a kan gwada hasken gani da rini, duk da cewa muƙalar da ya sa hannu a 2001 tare da Houas da wasu, wadda aka yi da ultrabayolet, tana cikin waɗanda suka shahara da wannan rini.

Ruwan jima kuma yana ɗauke da nasa kiromiyam, wanda zai iya kwantawa a saman garin yayin aiki. Sannan gari mai kiromiyam yana iya zubar da shi cikin ruwan da ake son tsarkakewa, kuma mai caji +6 guba ne. Wanda ya haɗa TiO2 daga ilmenait ɗin da ake samu a ragowar haƙar kuza na Filato kuwa, ya fara ne da gari mai baƙin ƙarfe tun asali, don haka abin da zai kira marar sirki sai an auna shi tukuna.

Daga abin da ya gabata, sharuɗɗa huɗu sun wajaba. Na ɗaya, a auna adadin baƙon da ya rage a garin bayan wanki da gashi, kada a dogara da wanda aka zuba. Na biyu, a yi gwajin shaida mai gishiri da tsami da zafi iri ɗaya. Na uku, a faɗi kason siffofi uku da girman ƙwaya da faɗin sama ga kowane gari. Na huɗu, a gwada da sinadari marar launi kamar finol, a kuma auna ragin kabon a ruwan. Wanda bai sami na'urar tabbatar da mazaunin atam ba, ya kira garinsa mai sirki. Hakan ba ya rage darajar aikinsa.

9.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta bi diddigin hukuncin masanan Liyon a kan dashen kiromiyam, ta same shi ingantacce a inda aka gwada shi: baƙo guda mai bambancin caji, a ƙwaya mai matsakaicin girma, don aikin haske. A wajen wannan da'ira, ƙananan ƙwayoyi da dashe biyu masu daidaita juna da wasu manufofi daban sun nuna cewa ba a shimfiɗa shi ko'ina. Ayyukan Faris sun ƙara da cewa baƙon sinadari yana iya tsara kiristal ba tare da ya zauna a cikinsa ba. Idan aka haɗa darussan biyu, tambayar da ta kamata a fara yi wa kowane sakamako ita ce ina baƙon atam ya sauka, kuma da wace hujja aka san hakan. Sai an amsa ta sannan maganar amfani ko illa za ta sami gindin zama.